Akwatin Baƙi

A ƙasan akwatin da nake ajiye zannuwan zuwa coci akwai wani ƙarfe mai nauyi, girmansa bai wuce ƙaramin littafin waƙoƙi ba. 'Ya'yana sun sha tambayata ko mene ne, nakan ce musu kayan aiki ne, su cire hannu. Faifan ajiya ne na kwamfutar farko da na taɓa haɗawa da hannuna. A cikinsa akwai wasiƙu shida da wani mutum ya rubuto wa mahaifiyarsa daga Ghana. Duk shidan sun iso Kafanchan lafiya. Uwar kuma tana zuwa duk mako ta zauna a benci, taku uku daga inda suke, amma har ta rasu ban ba ta ko ɗaya ba.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin da soja ke shirin miƙa mulki. Ina aikin sakatariya a wata ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar citta, a wani ofis mai ɗaki biyu kusa da layin dogo. Manoman yawancinsu mutanenmu ne, Kirista daga ƙauyukan kewaye. 'Yan kasuwar kuma Musulmi ne na tsofaffin gidajen cikin gari. Citta ce ta haɗa su a benci ɗaya, don tun rikicin da aka yi a garin a tamanin da bakwai, gaisuwar da ke tsakani ta zama gajera. Wasu masu taimako suka ba ƙungiyar tsohuwar kwamfuta, wai don mu riƙa jin farashin citta daga waje kafin dillalan Legas su zo su yi mana wayo. Wata biyu tana zaune a kan tebur an rufa mata tawul kamar tuwon baƙo.

Shugaban ƙungiyar dattijon ikilisiya ne, Baba Ciyaman muke ce masa. Wata rana ya ɗaga tawul ɗin ya dube ni, ya ce da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji:

"Yarinya, ba kai ka je sukul na kwamfuta a Jos ba? To ka sa wannan abu ya yi magana mana. Ko dekoreshan aka kawo mana?"

Makarantar da yake faɗi wata shida na yi, kuma abin da aka koya mana bugun wasiƙa ne kawai. Amma ni a lokacin gara in mutu da in ce ban iya ba. Na ce masa ya ba ni wata ɗaya.

Na hau mota zuwa Jos wurin wani malamin jami'a da aka ce yana da injin da ke haɗe da ƙasashen waje. Mutum ne mai haƙuri, irin wanda yake cire tabarau kafin ya amsa tambayar wauta. Ya ce abin da ya dace da mu shi ne mu mai da kwamfutarmu gidan waya na kanmu. Kowane mutum a buɗe masa akwatinsa a ciki. Kullum da safe injinmu ya kira nasa ta layin tarho, ya miƙa wasiƙun da za su fita, ya karɓi waɗanda suka shigo, ya kashe. Don yin haka sai an share duk abin da ke cikin kwamfutar an zuba mata wani tsari da ake kira Linux. Na tambaye shi nawa ne. Ya ce kyauta ne, mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, kowa ya ɗauka ya gyara yadda yake so. Ban yarda ba, don kafin ranar abin da na taɓa samu kyauta zazzaɓi ne kawai.

Ya kwafa mini shi a ƙananan faya-fayan da ake kira flofi, sun fi talatin, ya haɗa mini da littafin bayani da aka yi wa hoto har rubutun ya kusa gogewa. Na dawo na fara zubawa ɗaya bayan ɗaya. Na goma sha tara ya ƙi. Na hura shi, na goge shi da gefen zane, na yi masa addu'a, na zage shi, ya ƙi. Haka na sake hawa mota zuwa Jos saboda flofi ɗaya. A karo na biyu ina tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, na koma farko. Ranar da baƙin allon nan ya fito da farin rubutu yana tambayar sunana, na fita waje na yi rawa a gaban maigadi, shi kuwa ya ɗauka albashi aka ƙara.

Sashen wasiƙu shi ya fi ba ni wahala. Takardar umarninsa kamar kaji sun yi tono a kai, alamomi ne birjik babu kalmar da mutum zai kama. Sati uku ina gyara layi ɗaya in lalata biyu. A cikin wannan fama na ci karo da wani umarni da ban so ba. Yadda aka tsara injin, idan wasiƙa ta zo da sunan da babu akwatinsa, sai ya mayar wa wanda ya aiko, tare da bayanin cewa ba a san mai wannan suna a nan ba. Na yi tsaki. Mutanenmu kowa suna uku gare shi, na baftisma ko na yanka, na gida, da na kasuwa. Idan injin zai riƙa korar duk wasiƙar da ba ta zo da sunan da na rubuta ba, ai rabi za su koma. Na buga wa malamin waya. Ya ce ana iya canzawa, amma shi da zai ba ni shawara, in bar shi yadda yake, waɗanda suka sa shi ba mahaukata ba ne. Na ce masa su ba su san Kafanchan ba.

Na canza layin. Na buɗe wani akwati na musamman, duk wasiƙar da ba a gane mai ita ba ta faɗa ciki, ni kuma in nemi mai ita da ƙafata. Na sa masa suna akwatin baƙi. A gidanmu a Godogodo ba a taɓa mayar da baƙo daga ƙofa ba, na ce injina ma ba zai fara ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai a kan wannan layi ɗaya.

Da aka tara 'yan kwamiti don a nuna musu, Baba Ciyaman ya ce a buɗe wa duk garin, ba 'yan ƙungiya kaɗai ba. Kowa ya yi na'am sai wani Alhaji, babban mai sayen citta kuma ma'ajin ƙungiyar. Ya gyara hularsa ya ce, "Ina da tambaya. Duk wasiƙar da ta shigo, ta hannun yarinyar nan za ta bi ko? To asirin gidajenmu fa?"

Bai ce don ni Kirista ba ce, amma kowa a ɗakin ya ji abin da bai faɗa ba. Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Na jawo Littafi Mai Tsarki daga jakata na ɗora hannu, na rantse a gabansu cewa ba zan taɓa buɗe cikin wasiƙar kowa ba. Sunan da ke sama kawai zan duba, in tura ta firinta ba tare da na karanta ba, in ninke in danne da maƙali. Sai in mai ita ya zauna a gabana ya ce in karanta masa. Alhaji ya ce madalla, ya gamsu. Ni kuwa daga ranar ban ƙara ce masa komai ba bayan ina kwana.

Na buga ƙananan takardu masu adireshinmu, da bayanin cewa mai aikowa ya sa sunan wanda yake nema a gaba. Mutane suka yi ta zuwa. Cikinsu har da wata tsohuwa da duk kasuwa ke kira Inna mai citta. Doguwa ce siririya, ta fi shekara talatin tana sayen citta a hannun manomanmu, kuma ba a taɓa jin ta danne wa wani awo ba. Ranar Alhamis ake awo a harabar ofishinmu. Da ta gama, ta shigo ta tsaya tana kallon injin daga nesa.

Na ɗauko fom. "Inna, sunanki?"

"Ke ma kin san shi, 'yar nan. Inna mai citta."

Na rubuta haka, na buɗe akwati da wannan suna. "Wa kike sa ran zai rubuto miki?"

Ta dubi taga. "Babu kowa. Sai dai ko wani ya tuna da mu."

"Ba ki da ɗa ko 'ya a waje?"

"Akwai yarinya, tana nan cikin gari da mijinta." Ta miƙo hannu. "Ba ni takardar nan taki guda biyu. Ɗaya ta maƙwabta."

Na ba ta, ta ƙulle a bakin mayafi. Na san Hausawa suna kunyar ɗan fari, uwa ba ta kama sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san haka. Amma sanin da na yi masa irin na labari ne, abin da muke tsokanar ƙawayenmu da shi a makaranta. A wurinmu uwa takan tsaya a bakin gona ta ƙwala wa ɗanta na fari kira har ƙauye na gaba su ji. Ban taɓa kawowa a raina cewa matar da ta ce babu kowa tana nufin akwai mutum ɗaya tak ba.

Daga nan ta mai da shi al'ada. Duk Alhamis bayan awo sai ta shigo, warin citta na biye da ita, ta zauna a ƙarshen benci. Takan kawo mini ƙuli-ƙuli a ƙullin takarda. Mu gaisa, ta tambayi mutanen Godogodo, ta tambayi ruwa. Can sai ta nuna injin da haɓa.

"Mutumin naki ya kwana lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Bai ce komai ba?"

Sai in buɗe akwatinta in duba. Fayau. "Bai ce komai ba, Inna."

"To madalla," in ji ta, ta tashi ta tafi. Ni a zatona tsohuwa ce mai son hira da sabon abu. Har dariya nake ba maigadi da ita, ina cewa Inna ta samu saurayi mai cin lantarki.

Wajen kaka, wata safiya injin ya yi kukansa na kullum, wannan ƙugi da shewa da yake yi in yana gaisawa da na Jos, sai wasiƙa ta faɗo akwatin baƙi. Ba sabon abu ba ne. A lokacin na riga na sada baƙi da yawa da masu su, har da wata da aka aiko wa wani fasto da sunan da ake tsokanarsa da shi a firamare. Wannan kuwa sunan mace ne na Musulmi, haɗe da sunan namiji, daga wani adireshi na Ghana da ya yi kama da na shagon buga takardu. A wurin da ake sa kan magana an rubuta gaisuwa, shi ke nan. Na tambayi Baba Ciyaman, ya ce shi bai san shi ba. Na tambayi maigadi, ya ce mata masu wannan suna a cikin gari sun fi buhunan da ke sito. Na rubuta sunan da manyan baƙaƙe na manna a allon sanarwa. Inna ba ta karanta boko. Bayan sati biyu ma aka manna sanarwar taki a kai.

Akwai mutum ɗaya da ya san kowane gida a cikin gari, da matan gidan, da mazan da suka mutu suka bar su. Alhaji ne. Yana shigowa ofis sau biyu a mako. Sau da yawa tambayar takan zo bakina, sai in tuna yadda ya gyara hula ranar nan, in haɗiye ta. Akwai kuma hanya ta biyu da ta fi wannan sauƙi: in rubuta wa adireshin Ghana layi uku, in ce wasiƙarku ta zo amma ba mu gane mai ita ba, a ƙara mana bayani. Rantsuwata ba ta hana ni wannan ba. Kullum nakan ce gobe. Lokacin cinikin citta ne, wasiƙun farashi suna ta shigowa, firinta tana cinye takarda, ni kaɗai ce. Uzuri dai ina da shi buhu-buhu, kuma babu ko ɗaya da ya taɓa isata.

Ta biyu ta zo bayan wata ɗaya. Ta uku ta zo gab da Kirsimeti, ta huɗu a cikin azumi. Duk safiya in na buɗe akwatin baƙi, sunan nan ne yake fara kallona, layi bisa layi. Sauran baƙi suna zuwa suna tafiya, waɗannan suna nan. Na fara jin nauyinsu. Wani lokaci ina bugun takarda da rana tsaka sai in ji kamar mutum na tsaye a bakin ƙofa yana jiran a yi masa iso, in waiwaya babu kowa sai buhuna. Maimakon in nemi mai su, sai na daina buɗe akwatin kullum, na koma sau ɗaya a mako. Ta biyar da ta shida sun zo kusa da juna. Daga nan ba a sake aikowa ba, kuma kunya ce in faɗa, amma sai na ji sanyi a raina.

Zuwan Inna na ƙarshe a bazara ne, ana zafin nan da ke gaban ruwan fari. Ba ta yi awo ba ranar. A kan babur aka kawo ta, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya shige cikin nama. Ta daɗe tana mayar da numfashi a benci. Ba ta kawo ƙuli-ƙuli ba, ta ba ni haƙuri a kan haka.

"Bai ce komai ba?"

Na duba. "Bai ce komai ba, Inna."

Ba ta tashi ba. Ta murza bakin mayafinta. "'Yar nan, in tambaye ki mana. Idan mutum ya aiko, abin yakan ɓata a hanya? Kamar yadda na gidan waya ke yi?"

Ni da aka taɓo inda nake taƙama. Na gyara zama na ce, "Inna, a injina wasiƙa ba ta ɓata. Ko da sunan banza aka aiko ta, ina kama ta. Wadda ba ta zo ba, ba a rubuto ta ba ne."

Ta dube ni, ta gyaɗa kai a hankali. "To. Haka ne." Ta dafa bango ta miƙe. A bakin ƙofa ta ce Allah ya yi mini albarka, ya ba ni miji nagari.

Alhamis biyu ba ta zo ba. A ta uku masu awo suka ce an yi jana'izarta jiya. Na rufe ofis na ɗaura kallabi na shiga cikin gari gaisuwa. Gidan cike yake da mata a kan tabarmi. 'Yarta, mace mai kamar shekaruna, ta gane ni ta matsa mini wuri. Ina zaune sai aka shigo da wata tsohuwa tukuf da ta taso daga Kauru, aka ce yayar marigayiyar ce. Ta zauna ta dubi ƙofar ɗakin da babu kowa, ta kira ƙanwarta da sunan da iyayensu suka raɗa mata. Ta ce, wance, ashe ke za ki riga ni.

Sunan da ke akwatin baƙi ne. Na ce wa kaina masu shi suna da yawa. Na sunkuya na tambayi 'yar sunan mahaifinta. Ta faɗa. Ban san lokacin da na kama hannunta ba, sai da ta ce, "Sista, lafiya? Kina ji mini ciwo."

A bayan ɗaki ta ba ni labarin. Ita Inna sunan kakarta ta ci, shi ya sa tun tana jaririya ba mai kiran ta da shi. Inna tana da ɗan fari namiji. Lokacin rikicin tamanin da bakwai aka ƙone shagon mahaifinsu, samari suka taru za su fita ramuwa. Inna ta tare ƙofa. Da ya ƙi ji, sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife shi: ta kama sunansa ƙarara, sau uku, a gaban jama'a, kamar tana kiran ɗan wani. Ya ture hannunta ya fita. Abin da suka yi a ranar ya taɓa gidan wani manomi da ya shekara goma yana kawo mata citta. Bai sake kwana a gidan ba. Bayan shekaru aka ji ƙishin-ƙishin yana Ghana. Inna ba ta taɓa tayar da maganarsa ba, ko da mijinta ya rasu. Sai bara 'yar ta ga ta ba wani direba mai zuwa can 'yar takarda mai adireshinmu, ba saƙo ba gaisuwa, ta ce ya bai wa wanda ya ga ya dace.

Washegari 'yar ta zo ofis ta zauna a ƙarshen bencin nan. Na tura wasiƙun shida firinta. Ta karɓa, ta kasa karantawa, ta miƙo mini ta ce in karanta. Da Hausa ya rubuta. Ta farko gaisuwa ce mai tsawo, da cewa takarda ta iso hannunsa, ya gane daga inda ta fito, ya kwana uku bai ci abinci ba. Ya sa cikakken sunan Inna ne don yana ganin wurin hukuma ne, kada a ƙi karɓa. A ta biyu ya ce yana ɗinki, ya yi aure, yana da 'ya mace da ya sa wa sunanta. A ta uku ya faɗi abin da ya yi a ranar nan, bai rage komai ba, wannan kuwa ba zan maimaita shi ba. Ta huɗu da ta biyar roƙo ne. Ya ce ba sai ta yi dogon bayani ba, ta sa a rubuta masa kalma ɗaya, zo, zai hau mota a ranar. Ta shida gajera ce. Ya ce mai shagon ya tabbatar masa duk wasiƙun sun shiga, don da ba a karɓa ba da injin ya dawo da su. Ya ce ya gane, ba zai ƙara damun ta ba.

Da na bar layin nan yadda masu shi suka rubuta, da wasiƙar farko ta koma masa washegari. Da ya san ba ta isa ba, ya sake suna ko ya nemi direban. Ni na toshe wannan hanya da hannuna, don kada a kori baƙo.

'Yar ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce haka Allah ya rubuta. Ta ce ita ba za ta iya gaya masa ba, ni in rubuta. Na rubuta masa a ranar. Na gaya masa rasuwar, na gaya masa inda wasiƙunsa suka kwana wata bakwai, da dalili, ban ɓoye ƙin tambayar Alhaji da na yi ba, ban ɓoye goben da na yi ta cewa ba.

Kwana tara babu amsa. A na goma injin ya yi kukansa, wasiƙa ta shigo da sunana. Babu zagi a ciki, babu gafara. Tambaya ɗaya ce: "Malama, duk zuwan da take yi wurinki, ta taɓa kama sunana?"

Na zauna da tambayar nan yini guda. Mutumin da ya rasa uwa ta dalilina yana roƙon abu ɗaya, ni kuma ba ni da shi. Sunansa yana nan a ƙasan wasiƙunsa, ba abin da zai hana in ce kullum sai ta ambace ka. Har na buga hakan na goge. Na ga na riga na yi wa matar nan ƙarya ɗaya ba da sani ba, ba zan ƙara mata ta biyu da gangan ba. Na rubuta masa cewa a'a, ko sau ɗaya. Na ce da na tambaye ta wa zai rubuto, cewa ta yi babu kowa. Na ce abin da take yi kawai, duk Alhamis takan nuna injin ta ce, bai ce komai ba? Na tura, ina jin kamar na ɗora masa dutse a kan wani dutsen.

Amsarsa ta zo bayan kwana biyu. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Shekara goma sha biyu ina jin muryarta tana kiran sunana a ƙofar nan. In har ta koma ba ta kama shi, to ta mayar da ni ɗanta. Allah ya saka miki da kika faɗi gaskiya."

A ranar na buɗe takardar umarnin na mayar da layin yadda na same shi. Na je har rumfar Alhaji na gaishe shi da kyau, ya yi mamaki. Injin ya ƙara shekara uku yana aiki kafin tsawa ta kashe shi, na cire faifan na kawo gida. Na yi aure, na bar Kafanchan, yanzu wasiƙa a tafin hannu take shigo wa kowa.

Shi dai ya samu amsarsa, kuma na gode wa Allah da hakan. Amma ita ma ta yi tambaya, sau ɗaya tak a shekara goma sha biyu, da kumburarrun ƙafafu, a iya inda kunya ta bar ta ta kai. Har yau in Alhamis ta zo na ji warin citta a kasuwa, nakan ji muryata, cike da taƙama, tana gaya mata cewa wadda ba ta zo ba, ba a rubuto ta ba ne. Da wannan ta tafi.